Hoto Ya Fito Amma Babu Sauti: Amsa Ga Mai Juye Tsoffin Kaset Ɗin Kyamara Zuwa Kwamfuta

Tambaya: Ina da tsohuwar kyamarar bidiyo ta Sony mai cin kaset ɗin Hi8, kuma ina so in juye kaset ɗin iyalinmu zuwa kwamfuta kafin su lalace. Na sayi ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a ramin USB, mai wayoyi ruwan ɗorawa da fari da ja, na haɗa komai, hoto yana fitowa sarai amma ko ƙwaƙƙwaran motsi ba na ji. Na cire direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, na sake sakawa har sau biyu, na kuma canza manhaja, duk shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, a irin wannan aiki hoto da sauti ba hanya ɗaya suke bi ba. Tun daga bakin kyamara suke rabuwa, kowanne da wayarsa, kowanne da ƙofar da yake shiga a cikin na'urar ɗauka, wato ƙaramar na'urar USB ɗin da ka saya, kuma ita kwamfuta kallon baƙi biyu daban take yi musu. Saboda haka fitowar hoto ba ta zama shaida a kan lafiyar sauti ba ko kaɗan. Sake saka direba da ka yi ta yi bai zama laifi ba, sai dai a mafi yawan lokutan da irin wannan matsala ta zo hannuna, yin hakan barin jaki ne ana dukan taiki. Aikin da ke gabanka shi ne gano wuri na ƙarshe da sautin yake da rai, domin daga nan ne za ka san wurin da ya mutu.

Ka ajiye kwamfutar gefe tukuna. Ka nemi talabijin mai ramukan AV, wato ramukan nan ruwan ɗorawa da fari da ja, ka haɗa kyamarar da ita kai tsaye da wayar da kake amfani da ita a wajen juyewar, ba wata waya daban ba, sannan ka kunna kaset ɗin da kake da tabbacin an yi magana a cikinsa. Wannan gwaji na minti biyu yana raba matsalar gida biyu. Idan talabijin ta yi magana, to kaset da kyamara da waya duk sun kuɓuta, laifin yana tsakanin na'urar ɗauka da kwamfuta. Idan ita ma ta yi shiru, babu amfanin taɓa kwamfuta, domin ba za ta ɗauki abin da ba a aiko mata ba. Kada ka dogara da ƙaramar lasifikar jikin kyamara kaɗai wajen yanke hukunci, saboda tana iya yin magana alhali ramin fitar da sautin ya mutu, kuma a kyamarorin Sony da yawa lasifikar kan yi shiru da zarar an rufe allon gefe, wasu tsofaffin kuwa ba su da lasifika ma gaba ɗaya.

Kafin mu bi kowane ɓangare, bari in tsaya a kan wayoyi, domin a nan ne mutane suka fi faɗawa. Wayar ruwan ɗorawa hoto zalla take ɗauka. Fara ita ce sautin hagu, ja kuma sautin dama. Da yake kyamararka Hi8 ce, akwai yiwuwar tana da ramin S-Video, wato zagayayyen ramin nan mai ƙananan ƙofofi huɗu, kuma wataƙila wani ya ba ka shawarar amfani da shi saboda hotonsa ya fi tsabta. Shawarar daidai ce, amma S-Video ba ya ɗaukar sauti ko ɗigo. Ƙofofinsa huɗu na haske ne da launi da kuma wayoyin ƙasa na kowannensu. Wanda ya saka S-Video ya cire sauran wayoyin yana ganin sun zama ƙari, to da hannunsa ya yanke sautin. Abin da S-Video yake maye gurbinsa shi ne wayar ruwan ɗorawa kaɗai, fara da ja suna nan daram a inda suke.

Akwai kuma kyamarori masu sauti guda, waɗanda ba sitiriyo ba. Idan ka buɗe murfin gefen irin wannan kyamara ta Sony za ka ga rami ruwan ɗorawa, da rami ɗaya na sauti wanda sau da yawa baƙi ne ko fari, a tsakaninsu kuma wani ɗan ƙaramin rami da aka rubuta RFU DC OUT a kusa da shi. Wannan ƙaramin ba na sauti ba ne, wuta yake bai wa wata na'ura da ake haɗa kyamara da ramin eriyar talabijin a da, don haka ka ƙyale shi. Ramin sautin guda ɗayan nan ka kai shi farar wayar na'urar ɗauka. Za ka ji sauti a kunnen hagu kawai, wannan kuwa ba lalacewa ba ce, ana gyara shi a manhaja ta hanyar mayar da sautin zuwa mono, wato sauti guda a kunnuwa biyu, ko kuma da 'yar waya mai kai ɗaya da baki biyu wadda za ta raba shi zuwa fara da ja.

Wanda ya fi ruɗarwa shi ne kyamarar da take da ɗan siririn rami guda, mai faɗin milimita 3.5, wanda hoto da sauti duk ta cikinsa suke fita. Wayar wannan rami tana da kan ƙarfe mai gaɓa huɗu, da zobba uku na roba a tsakaninsu. Matsalar ita ce kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya na wace gaɓa ce take ɗaukar me ba, don haka wayar da aka yi don wata na'urar kiɗa za ta shiga ramin kyamara lafiya lau, ta yi kama da ta asali a ido, amma ta karkatar da hoto zuwa jar waya, ko ta sa ka ji ƙugi maimakon magana. Idan wayar da ke hannunka ba ita ta zo da kyamarar ba, ka ɗauke ta a matsayin abin zargi na farko. Ka kuma tabbata ka tura kan wayar har ƙurya. Na taɓa ɓata rabin yini ina binciken saitin kwamfuta, ashe gefen murfin robar da ke rufe ramin ne ya tokare kan wayar ya hana ta ƙarasa shiga, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba, hoto yana wucewa, sauti kuwa ya tsaya a bakin ƙofa.

Yanzu mu ɗauka talabijin ta yi magana. To sai mu koma kan kwamfuta. Mafi yawan ƙananan na'urorin ɗauka na USB suna bayyana ga Windows a matsayin na'urori biyu, ɗaya ta hoto, ɗaya ta sauti wadda kwamfuta take lissafawa cikin makirufo. Manhajar ɗauka takan kama ta hoton da kanta, amma a ɓangaren sauti sai ta tsaya a kan makirufon jikin kwamfuta ko kuma ta bar wurin fanko. Alamar hakan a bayyane take: idan a fayil ɗin da ka ɗauka kana jin tarinka ko ƙarar fankar ɗaki, to makirufon kwamfutarka ne yake aiki, ba kyamara ba.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Recording. Ka zare na'urar ɗaukar ka sake sokawa kana kallon jerin, sunan da ya ɓace ya dawo shi ne naka, ko da sunan bai yi kama da abin da ke rubuce a kwalinta ba. Idan babu abin da ya motsa, ka danna gefen dama na linzami a cikin jerin ka zaɓi a nuna na'urorin da aka kashe, domin wani lokaci tana nan an dai kashe ta ne. Da ka same ta, ka kunna kaset ka kalli koren ma'aunin da ke gefen sunanta. Idan yana hawa yana sauka, sauti ya iso kwamfuta, saura manhaja. Idan bai motsa ba, ka buɗe saitinta ka duba ko an sauke ƙarfinta zuwa sifili ko an toshe ta.

Akwai wani gwaji da masu gyara suke yi wanda ba ya buƙatar kowane kayan aiki. Ka cire farar wayar daga jikin kyamara, ka bar ɗaya kan a jikin na'urar ɗauka, sannan ka taɓa tsinin ƙarfen da ke tsakiyar kan wayar da yatsa. Jikin mutum yana kwasar ɗan ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye da shi, don haka idan hanyar tana da rai za ka ga ma'auni ya zabura. Ka maimaita da jar wayar. Idan duka biyun ba su motsa ma'auni ba alhali na'urar tana cikin jeri kuma ba a toshe ta ba, to sai a fara maganar direba ko mutuwar ɓangaren sautin na'urar. A nan ma akwai tarko: na'urorin da ake sayarwa da sunan EasyCap kamanninsu ɗaya a waje, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ta kamfanoni daban-daban ce, kuma direban wata ba ya yi wa wata aiki yadda ya kamata. Direban da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da lambar shaidar na'urar da ake gani a cikin Device Manager, shafin Windows mai jerin kayan da ke jikin kwamfuta, ba wanda sunansa ya yi kama da na kwali ba.

Wani shinge kuma shi ne izinin makirufo. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, idan aka kashe izinin makirufo a sashen tsare sirri, manhajojin kwamfuta ba sa samun sauti daga duk na'urar da aka lissafa a matsayin makirufo, har da na'urar ɗaukarka. Haka abin yake a kwamfutocin Apple tun daga macOS Mojave, wanda shi ma ya fito a 2018. Mutane da yawa sun kashe wannan izini tun tuni don kada a saurare su, suka manta. Ka buɗe shi, musamman layin da ya shafi manhajojin da aka girka a kan kwamfutar, sannan ka rufe manhajar ɗaukar ka sake buɗe ta.

Ba ka faɗi manhajar da ka koma ba, amma da yake OBS Studio ce ta fi yawa a hannun mutane, zan yi misali da ita. A cikin saitin na'urar hoto, can ƙasa, akwai akwatin da aka rubuta Use custom audio device. Ka sa masa alama, ka zaɓi sunan nan da ka gano a jerin Windows. Daga nan ka kalli ma'aunin sauti na OBS. Abin da ke rikita sababbin masu amfani da ita shi ne, OBS ba ta jiyar da kai sautin da take ɗauka sai ka umarce ta, wato ma'auni yana rawa, fayil yana samun sauti, amma lasifikarka shiru. Mutum sai ya tsayar da aiki yana cewa babu sauti, alhali da ya bari ya buɗe fayil ɗin da ya ji komai. Ana kunna sauraron a cikin Advanced Audio Properties, kuma a wannan shafin ne za ka tabbatar da cewa layin sautin da na'urar take zubawa shi ne layin da aka zaɓa a saitin ɗauka, a nan ne kuma akwatin mono yake ga mai kyamarar sauti guda. A manhajar ɗauka ta VirtualDub kuwa, ɗaukar sauti da jiyar da shi zaɓi biyu ne daban a ƙarƙashin Audio, na farkon shi ne wajibi.

Shi kansa fayil ɗin da ka riga ka ɗauka ya cancanci bincike kafin ka yanke masa hukunci. Ka buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka duba bayanin abin da ke cikinsa, ko ka yi amfani da manhajar MediaInfo. Idan babu layin sauti sam, manhaja ce ba ta ɗauka ba. Idan akwai layin amma shiru ne, to an ɗauka daga na'urar da ba ita ba ce ko kuma babu abin da ya shigo. Idan kuwa VLC ta yi magana amma manhajar kallon da ta zo da kwamfuta ta yi shiru, to aikinka lafiyarsa ƙalau, mai kunnawar ce ba ta san nau'in sautin ba. Wannan yana faruwa da fayilolin MPEG-2 masu sautin AC-3, musamman da yake Microsoft ta daina haɗa mai karanta AC-3 a cikin Windows 11 daga sigar 24H2.

Idan ya tabbata ɓangaren sautin na'urar ne ya mutu, ana iya kai sautin ta wata ƙofa, amma a kula da ƙofar. A babbar kwamfuta ta tebur, shuɗin rami shi ne na shigar da sauti irin wanda kyamara take fitarwa, ruwan hoda na makirufo ne, kore na lasifika. Kyamara tana fitar da sautin da ƙarfinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na bolt, shi kuwa ramin makirufo an yi shi ne don sautin da ya gaza haka nesa ba kusa ba, don haka idan ka zuba masa na kyamara sai ya fashe ya zama hayaniya. Ramin guda ɗaya na laftof kuwa na abin sauraro mai makirufo ne, bai dace da wannan aiki ba. Ko da shuɗin ramin ma, ni ban cika son wannan hanya ba, domin hoto yana bin agogon na'urar ɗauka, sauti yana bin agogon katin sauti, kuma a kaset mai tsawon awa biyu ɗan bambancin da ke tsakaninsu yakan taru har baki ya riƙa motsi kafin magana ta iso. Sauya na'urar ɗaukar ya fi wannan wahala sauƙi.

Mu koma ɗaya ɓangaren, inda talabijin ma ta yi shiru bayan ka tabbatar da waya. A nan sanin yadda kaset ɗinka yake ajiye sauti yana da amfani. A tsarin Video8 da Sony ta fitar a 1985, da Hi8 da ya biyo baya a 1989, sautin yau da kullum ba shi da wani layi nasa a gefen zaren kaset. Hed, wato ƙananan kawunan da ke kan ganga mai juyawa a cikin kyamara, waɗanda suke rubuta hoto, su ne suke rubuta sauti a cikin layi ɗaya da hoton, a bisa tsarin FM, a mita 1.5 megahaz, a kuma ƙara 1.7 idan sitiriyo ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan hoto yana fitowa tsaf babu layi babu rawa, da wuya a ce dattin hed ne ya cinye sauti shi kaɗai. Idan kuwa hoton yana da layuka a ƙasa ko a sama, sautin kuma yana zuwa yana ɗaukewa ko yana ƙarar tsattsagewa, to zaren ba ya bin hanyarsa daidai, ko hed ya yi datti, kuma kyamara takan toshe sautin da kanta idan abin da take karantowa ya yi rauni. Kaset ɗin da aka ɗauka da saurin LP, wato jinkirin gudu da ke sa kaset ya ɗauki lokaci mai tsawo, ya fi shiga wannan hali, musamman idan ba kyamarar da ta ɗauke shi ce take kunna shi ba.

Ka gwada kaset uku ko huɗu da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Idan ɗaya ne kawai ya yi shiru, wataƙila tun ranar ɗauka aka rasa sautin, misali an soka makirufon waje wanda batirinsa ya mutu, domin soka shi yana kashe makirufon jikin kyamara. Wannan babu na'urar da za ta dawo da shi. Idan dukkansu shiru ne, ka duba menu na kyamarar, ka mayar da zaɓin HiFi SOUND zuwa STEREO idan tana da shi, kuma idan rami ɗaya ne yake aikin AV da na abin sauraro, ka tabbata an zaɓi AV. In duk wannan bai yi ba, to zargi ya koma kan kafasitoci, wato ƙananan kayan lantarki masu riƙe caji. Kyamarorin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 cike suke da ƙananan kafasitoci masu ruwa a ciki, waɗanda da tsufa suke yoyo su ci allon da suke kai. Idan ka buɗe ƙofar kaset bayan kyamarar ta ɗan yi zafi ka ji ƙarni mai kama da na kifi, to su ne. Gyaransu aikin ƙwararre ne mai haƙuri, kuma sau da yawa neman wata kyamarar mai lafiya ya fi hikima.

Ga wanda kaset ɗinsa VHS-C ne, wato ƙaramin kaset na VHS da ake sa wa kyamara, labarin ya bambanta. Mafi yawan waɗannan kyamarori a siririn layi na gefen zare suke rubuta sauti, kuma wani tsayayyen hed daban ne yake karanta shi, don haka yana yiwuwa hoto ya yi kyau sauti ya dusashe saboda dattin wannan hed ko lanƙwashewar gefen zaren. Idan ana kunna shi a babban bidiyo ta cikin adafta, a duba zaɓin sauti na bidiyon, a gwada tsakanin Hi-Fi da na layin gefe, wanda galibi ake rubutawa Normal ko Linear.

Idan har ka kai ga neman wata kyamara, shawarata ita ce ka nemi Digital8, tsarin da Sony ta fitar a 1999. Da yawansu suna kunna kaset ɗin Video8 da Hi8, su mayar da su dijital a cikinsu, su tura hoto da sauti tare ta waya guda ta FireWire, wadda Sony take kira i.LINK, kuma da wannan duk rikicin fara da ja da zaɓen makirufo ya kau. Sharuɗɗa uku ne. Na farko, ba kowace Digital8 ce take karanta tsoffin kaset ba, irin su DCR-TRV140 da DCR-TRV250 ba sa yi, don haka a duba littafin samfurin kafin a saya. Na biyu, dole ta kasance tsarin talabijin ɗaya da kaset ɗinka, PAL ko NTSC, na uku kuma kwamfutarka ta samu ramin FireWire na gaske, domin 'yar wayar da ake cewa tana mayar da FireWire zuwa USB ba ta aiki.

Game da kaset ɗin da ka riga ka juye babu sauti, idan bincike ya nuna layin sautinsu fanko ne, ka sake juye su gaba ɗaya maimakon ɗaukar sautin daban don liƙawa, saboda zare ba ya tafiya da sauri iri ɗaya sak a kunnawa biyu, kuma daidaita baki da magana zai ci maka lokaci fiye da sabuwar ɗauka. Duk gwaje-gwajen nan ka yi su da kaset ɗin da ba ka damu da shi sosai ba, domin kowace kunnawa da mayarwa baya tana ƙara gajiyar da zaren da ya shekara talatin a ajiye. Idan ka gyara, ka ɗauki minti ɗaya kacal, ka tsayar, ka buɗe fayil ɗin da VLC, ka saurare shi da abin sauraro a kunne biyu, hagu da dama, sannan ka saka saitin Sample Rate na sautin a 48 kilohaz ka fara kaset na farko daga farkonsa.